Rigunan Da Ke Zaune A Bakin Keke

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya Mama, ya ƙafar tata? Kai ba sai na tambaya ba, na san bakinka ƙalau yake.

Kada ka ga takarda ka ɗauka na zama malama. Wayoyinmu suka karɓe ranar da suka rufe mu a cikin masana'anta, wai kada annoba ta shigo. Nan muke ɗinki, nan muke ci, nan muke kwana tsakanin kwalaye. Direban da ke kwasar kaya ne zai riƙa kai maka saƙo.

Takunkumi muke ɗinkawa ba ji ba gani, duk na ƙasashen waje. An ce in masu saye suka ji ko mutum ɗaya ya yi tari a nan, sun soke kwangila, kowa ya kama gabansa. Manaja kuma ya ce shi ba ya son jin komai, kujerar da ya hango ba kowa, mai ita ta kori kanta. To ka san mu da rufa wa juna asiri. Wadda ta kwanta, masu gadi su kai ta ɗakin ajiyar yadi, maƙwabciyarta ta riƙe mata keken ɗinki: ta rataya rigar aikinta a kujera, ta ɗora hula, ta ɗaure abin takawa da ƙyalle, keke ya yi ta gudu. Shi yana can sama a ɗakinsa na gilashi, layi a cike yake gani. Jiya na juya ina yi wa ta bayana hira, sai da na kai ƙarshe na lura da riga nake magana.

Ka gaida Mama. Ka riƙa cin abinci, ɗan rainin wayo.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, Mama lafiya, kullum sai ta tambaye ki.

Takardarki ta ɓata min rai. Ni da nake tura gadon marasa lafiya a asibiti takunkumi ɗaya gare ni, in wanke in shanya in sake sawa, har ya yi laushi kamar tsumma. Motocinku kuwa ta ƙofar asibitinmu suke wucewa zuwa tashar jirgin ruwa, a cike taf. Manyan ƙasashen can suna ta faɗa a rediyo wai annoba ba ta san mai kuɗi da talaka ba. Ta sani mana. Unguwarmu gida-gida ta sani. Sun saye allurar rigakafi sun jibge, ke ki ɗinka musu abin rufe hanci, ni in kwashe gawa.

Wannan riƙon keken kuma ba ku kuke rufa wa asiri ba, Manaja kuke rufa wa. Don Allah ki fito. Tsoro nake ji, Yaya, ba wasa nake ba.

Ƙanenki, Auta

*

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina nan lafiya lau. Aiki yana tafiya daidai. Yatsana ne ya yi ciwo, shi ya sa na ba wata ta rubuta. Kada ka damu, ka kwantar wa mahaifiyarmu da hankali.

Taka har kullum, Yaya

*

Baiwar Allah,

Sallama. Ban san ko ke wace ce ba, amma ba yayata ba ce. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana abin ƙauna ba, kuma ba ta rufe magana ba ta zage ni ba.

Na je ƙofarku. Mai gadi ya ce ko mura ba wanda yake yi. Na zagaya baya na taka tulin kwalaye na leƙa ta taga. Na ga rigarta, mai facin ja a gwiwar hannu, tana zaune, keke yana gudu. Na ƙwala mata kira har muryata ta dushe. Layin nan kaf ba wadda ta waiwayo.

Ki dubi Allah ki gaya min inda take.

Auta

*

Malam Auta,

Amin wa alaikumus salam. Ka yafe ni. Bahaguwa ake ce min, kekena yana jikin nata. In mun riƙe wa mutum, komai muke riƙe masa, har takardun gida. Ba mugunta ba ce, ita ma ta yi wa wasu.

Zazzaɓi ya kayar da ita, masu gadi suka kai ta ɗakin yadi. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da mabuɗinsu. Muna ajiye abinci a bakin ƙofa, kwanuka su dawo a wanke. In na ƙwanƙwasa ana ƙwanƙwaso min daga ciki, amma na kira sunanta ba a amsa ba. Wadda ta shiga har yau ban ga ta fito ba.

Yanzu keke huɗu nake riƙe. Ban san mu nawa ne masu numfashi a layin nan ba, kowa fuska a rufe, kuma kowa tsoron taɓa kafaɗar ta kusa da ita take.

Ka huta lafiya.

Bahaguwa

*

Bahaguwa,

Na gode da gaskiya, ko da ta yi ɗaci. Ban gaya wa Mama ba, na ce direba ne bai zo ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ku kwance ƙyallayen nan, ku ɗauke ƙafafunku gaba ɗaya. Muddin keke yana kuka ba mai buɗe muku ƙofa. In Manaja ya ji shiru dole ya sauko, sai ku ce mabuɗi ko ba ɗinki. Na san aikinku nake cewa ku sa a wuta, kuma ba ni zan ciyar da 'ya'yanku ba. Amma yayata ce a ciki.

Allah Ya tsare ki.

Auta

*

Malam Auta,

Sallama. Mun yi yadda ka ce. Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Da muka miƙe tsaye, ba mu kai rabin kujerun ba.

Mun jira Manaja bai sauko ba, sai muka hau. Kwat ɗinsa ce a kan kujera, da hula. Masu gadi sun ce tun makon farko ya bi iyalinsa ƙasar waje, su suke riƙe masa. Ba su yi gardama ba, suka miƙo mabuɗi.

Mun buɗe ɗakin. Na gan ta, rai ya yi halinsa, na gyara mata kwanciya.

Ka zo da gadon nan naka, ka nemo abokan aikinka su zo da nasu. Kada ka zo da Mama.

Bahaguwa