Rawar Hannun Yaya Musbahu

Lugbe, Abuja

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya su Kubra? Ni lafiya lau, zirga-zirgar makaranta ce kawai ta ɗan ramar da ni.

Inna, albishirinki! Yau a makarantar jinya aka koya mana magungunan taɓin hankali. Ashe rawar hannun Yaya Musbahu ba ciwon ne ya dawo ba, maganin ne ke jawo ta, kuma likita na iya gyarawa! Saura kaɗan in yi guɗa a aji.

Don Allah ki roƙi Baba kada ya hana shi shan maganin. Ku mai da shi asibiti, ku faɗa musu komai. Ki ce wa Yaya Musbahu in sha Allahu zai koma kan keken ɗinkinsa.

A sa ni a addu'a.

'Yarki,
Murja