Karen Aikina Ya Gano Maganina

Anti Glenys, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni mace ce, na haura hamsin. Ina aiki da wani kamfanin tsaro a tashar jiragen ruwa ta Hull, ni da karena Bramble, mai shinshino ƙwaya a kayan fasinjoji. Na ce karena, amma na kamfani ne, a gidana dai yake zaune tun yana ɗan mitsitsi. Tun da mijina ya rasu ba ni da abokin hira sai shi.

Ciwon jijiyar ƙafa ya so ya haukata ni. Na sha magunguna har cikina ya lalace, daga ƙarshe likita ya rubuta mini tabar wiwi ta magani, da takarda da komai. Wallahi sai a lokacin na tuna yadda ake taka ƙasa ba kuka.

To ga inda masifar take. An koya wa Bramble ya zauna a gaban duk abin da ya ji warin ƙwaya a jikinsa. Yanzu a gabana yake zama, ya kafa mini ido yana jiran lada! Dougie abokin aikina har tsokanata yake yi, wai ko soyayyen kifi da dankali na ɓoye a aljihu. Ina dariyar dole. Sai na fara daka masa tsawa in ya zauna. Bawan Allah ya rikice, ya daina zama ga kowa. Makon jiya ya wuce wata jaka mai ƙwaya, karen Dougie ne ya kama ta. An ce za a sake gwada shi.

In na faɗa, za su ƙwace shi. In na yi shiru, zai faɗi gwajin su ƙwace shi. In na bar maganin, ko rakiyarsa ba zan iya ba. Ni kam na gaji.

Mai ɗingishi daga Hull

'Yar'uwa,

Ba ki yi laifi da kika nemi sauƙi ba, kuma kada ki bar maganinki sai da sanin likita. Amma kamfanin ma yana da gaskiyarsa. Kare da ke kwana cikin warin da aka ce ya farauta ba zai yi aiki ba, kuma ba wiwi kaɗai ake ɗaukowa a jakunkunan nan ba.

Ki faɗa musu kafin gwajin. Ki je da takardar likitanki da wakilin ƙungiyar ma'aikata, ki nemi a ba ki wani aikin da ba na kare ba. Wataƙila ki tsira da albashinki. Ki kuma roƙa a rubuta cewa in Bramble ya tsufa ya ajiye aiki, ke za a ba. Tsawar nan kuwa ki daina yau, shi bai yi ƙarya ba.

Na so in ce miki akwai dabarar da za ki riƙe lafiyarki da karen duka. Na duba, babu. Za ki rasa shi, kuma zai yi ciwo. Abin da ya rage a hannunki shi ne ya tafi da sunan gwani, wajen wanda zai kula da shi.

Allah ya ba ki lafiya da juriya. Ranar da za su zo ɗaukarsa, ki kira wani ya zauna da ke, kada ki rufe ƙofar nan ke kaɗai.

Anti Glenys