Akwatin Kunnen Baba

Kwatano, Dahome
12 ga Yuni, 1960

Zuwa ga ƙanwata Asama'u, a Illo.

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da gida. Bayan haka, gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Maliki da yara.

Takardarki ta iso ta hannun Yero direba. Na daɗe ina kallon rubutun, ashe ajin yaƙi da jahilci ya yi rana. Kin ce kunnen Baba ya toshe, ko an yi masa ihu ba ya kama rabin magana, ido kuma ya yi hazo har ba ya ganin rubutu. Kin ce in zo. Asama'u, kina tsaye bakin zaure ran da ya ce kada in ƙara taka gidansa sai ya kira ni da bakinsa. Na san laifina. Na bar jirginsa ba ɗauri na tafi sauraron rediyon malamin kwastan, kogin Kwara ya tafi da shi har da albasar mutane. Amma jirgi guda ne, shekarun kuwa tara ne. Sai dai ni ma ban taɓa rubuto masa neman gafara ba. Wannan nawa ne, ba nasa ba.

Yanzu na rubuta, takardar tana aljihuna, ga shi ba idon karantawa, ba kunnen ji. Kuma ba na so a tsaya kansa ana kwarma ta har maƙwabta su haddace.

Ga abin da na yanke. Kin san aikina gyaran rediyon jiragen ruwa ne a tasha. Zan haɗa masa akwati mai ƙara murya. Ke za ki yi magana a hankali cikin abin magana, akwatin ya ɗaga muryar, ya kai ta cikin abin kunne da za a ɗora masa a ka. Abin kunnen na samu, wani ma'aikacin wayar iska na jirgin ruwa ya yar da shi. Ina neman bawul uku, wasu 'yan kwalabe ne masu haske ciki kamar garwashi, su ke ɗaga murya. Ba sa aiki sai da wuta mai ƙarfi ƙwarai, Illo kuwa ba lantarki, don haka sai na naɗa taransifoma da hannuna, wadda za ta ɗaga wutar batirin mota.

Kada ki faɗa masa kome tukuna. Ko da yake ta yaya ma za ki faɗa masa.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Attahiru Kimba


Illo
20 ga Yuli, 1960

Zuwa ga Yaya Attahiru.

Gaisuwa da ladabi da fatan kana lafiya. Maliki yana gaishe ka, ya ce har yau kana masa kallon baduku mai warin jima, shi kuwa bai riƙe ka ba.

Yaya, rediyo ta fitar da kai daga gida, yanzu kuma ita kake so ta maido ka? To, Allah ya sa. Ni ban gane zancen kwalaben nan ba, amma na gane kana so ya ji ka, kuma na yarda.

Sai dai ka hanzarta. Tun faɗuwar damina jikinsa ya saki. Fura kawai yake sha, ita ma rabin ludayi. Da hantsi mukan fitar da shi zaure ya fuskanci gulbi, ya zauna nan har azahar. Ran nan ya tambaye ni ko ruwa ya kai gindin tsamiya, na ce ya kai, ya yi ta jiran amsa, bai san na ba shi ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki, Asama'u


Kwatano
9 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Asama'u.

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, ga akwati nan Yero zai kawo miki, da batir, da takardar Baba a cikin ambulan dabam.

Nan an karɓi 'yanci farkon watan jiya. Kwana uku ana kiɗa a gari, ni ina ɗaki ina naɗa waya siririya kamar gashi, zagaye dubu uku. Sau biyu kiɗan ya ɓatar mini da ƙidaya na warware na faro. Ku ma na ji naku na tafe. Kowa zai samu ƙasarsa, ni zauren gidanmu nake nema.

Ki karanta wannan sau biyu, ki karanta wa Maliki. Wutar cikin akwatin nan ta fi ta batir sau arba'in, tana iya kashe babban mutum. Ba ta kaiwa kunnen Baba, na raba su da wata taransifoma ƙarama, na gwada a kaina kwana shida. Amma ciki akwai wani gwangwani da ake kira kwandansa, yana riƙe wuta ko bayan an kashe. Ya kama ni a babban yatsa, sai da hannun ya mutu har kafaɗa, ni da nake aikin nan shekara takwas. Kada kowa ya kwance murfin. Akwai huji-huji a sama da baya, kada yara su tura yatsa ko tsinke ko allura ciki. Kada ruwa ya taɓa shi. In kun ji wari ko kun ga hayaƙi, a cire wayar batir, kada a taɓa akwatin.

In kin kunna, ki jira kwalaben su yi ja, sannan ki murɗa maɓallin kaɗan-kaɗan. Ki karanta masa takardata da muryarki ta kullum.

Ki huta lafiya.
Attahiru


Illo
11 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Yaya Attahiru.

Gaisuwa da ladabi. Yaya, ka yi haƙuri kafin ka karanta.

Akwati ya iso lafiya. Da na karanta wa Maliki gargaɗinka, hankalinsa ya tashi saboda yara, ka san hannunsu. Ya ce kuma abin da aka sha wahalarsa haka ba a ajiye shi tsirara gaban mutane. Kwana biyar yana ɗinka masa riga ta jar fatar akuya, da ado kamar gafaka. Ya rufe ko'ina ruf, bai bar kome ba sai maɓalli da mafitar waya. Kowa ya gani sai ya yaba.

Ran Juma'a da hantsi muka ɗora wa Baba abin kunnen. Na ce, "Baba, ina kwana?" Ya zabura, ya kama hannuna, ya ce, "Asama'u, ashe muryarki ta tsufa." Na yi dariya ina hawaye. Kafin in buɗe ambulan, labari ya kai masallaci. Liman ya shigo, ga Arzika sarkin jirgi, ga tsofaffin unguwa, kowa yana so ya gaishe shi. Ina zan ce wa liman ya dakata? Kowa sai ya tambayi gajiya da iyali da ruwa, Baba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ta ango. Ya fi awa guda.

Da suka fita ya ce, "Wa ya ƙera abin nan?" Na ce Yaya Attahiru. Ya shafa wayar da yatsa har inda ka ɗaure ta, ya ce, "Ashe ya koyi ɗaure abu."

Na fara karatu. Yaya, gaisuwarka kaɗai shafi guda ce, har mamata ka yi wa addu'a. Na iso daidai inda ka ce "Bayan haka, Baba," sai muka ji ƙaurin fata, hayaƙi na fita ta wajen maɓalli. Maliki ya fizge wayar batir. Baba ya ce, "Ci gaba mana." Na ci gaba, bai ji ba.

Ga akwatin nan na ba Yero. Abin kunnen ba ya ciki. Baba ya hana, ya rataye shi a wuya, da shi yake kwana. Maliki ya kasa cin abinci. Jikin Baba kuwa yana nan yadda na faɗa maka, ko ma ƙasa da haka.

Ka gafarce mu.
Asama'u


Kwatano
29 ga Oktoba, 1960

Asama'u, gaisuwa gare ku duka.

Ran da na buɗe akwatin na zagi Maliki, ba zan ɓoye ba. Sannan na tuna na cika shafi da gargaɗi ban faɗa muku ba cewa hujin nan na shan iska ne, zafin kwalaben ta nan yake fita. Ki ce masa ya ci abinci. Ɗinkinsa ya fi rubutuna kyau.

Babbar taransifoma ta ƙone, zan sake naɗi, mako huɗu in Allah ya yarda. Waccan takardar ki ajiye ta. Ga sabuwa, layi ɗaya ce, ba gaisuwa: "Baba, Attahiru ne, na yi laifi, ka yafe mini ka kira ni." Ita za ki fara karantawa, ƙofa a rufe, ko wa ke sallama.

Ki huta lafiya. Abin da na tsirar daga wutar: bawul biyu cikin uku, ƙaramar taransifoma, abin magana, katakon akwati, da rabin fatar Maliki. Abin kunne yana wuyan Baba, shi ma na ƙidaya shi.

Yayanki, Attahiru Kimba