Minti Goma Sha Biyun Abdussalam

Talata, 12 ga Satumba, 2023

Shirin wasanni na yau ya yi daɗi. Ni da abokin aikina Sabo muka ɗauki batun ƙwallon maza na jami'o'in ƙasar nan da muke zaune a ƙetare, tunda ana ta maganar gyara masa dokoki. Na zage na yi musu tas. Agogo yana tafiya da baya, mai sanarwa yana ƙirga goma, tara, takwas kamar za a harba roka. Wasa ashirin a cusa su cikin wata uku, wani lokaci biyu a mako. Sai canjin 'yan wasa: a fitar da mutum, ya sha ruwa, a mayar da shi. Na ce wannan ba filin ƙwallo ba ne, tashar mota ce, wannan ya sauka wancan ya hau. Na ce a yi yadda duniya take yi: canji biyar, wanda ya fita ya fita.

Sabo ya yi dariya har ya kauce daga makirufo. Sai ya ce, "Amma Malam Sirajo, ai ɗanka ma irin wannan yake bugawa." Na ce, "Ni karatu na tura shi. Ƙwallon kuwa, yana dai motsa jini."

Saƙonni sun shigo daga Kano har Maraɗi. A jirgin ƙasa, kan hanyar komawa gida Manassas, ina ta karantawa ina murmushi ni kaɗai.

Juma'a, 15 ga Satumba

Kwana biyu matata Hansatu tana ajiye mini abinci ta tashi. Yau bayan na dawo daga masallaci na ce ta faɗa mini laifina.

Ta ce, "Ya ji."

Na ce wa? Ya ji me? Ai yaron da in ka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa.

Ta ce duk mako yana sauraron shirina. Tun shekararsa ta farko a jami'a. A motar ƙungiya, in za su tafi wasa, yakan sa abin kunne ya saurara, wai don kada Hausarsa ta gudu. Har yakan kunna wa abokansa ya ce ga babana, ko da ba sa ji.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Na ce ai wasa nake yi. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Asabar, 16 ga Satumba

Na kira sau biyu. Bai ɗauka ba.

Lahadi, 24 ga Satumba

Saƙo ya shigo daga Abdussalam: "Ba komai Baba." Da Hausa ya rubuta. Da ma da Turanci ne, da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na tuna. Shekararsa ta uku ke nan a ƙungiyar. Makarantar ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga gidan nan ba. Ban taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya. Kullum hujjata aikin Asabar, alhali Sabo ya sha cewa mu yi musanya. Gaskiyar ita ce na buga ƙwallo a Zariya ba takalmi, na ɗauka babu wanda zai nuna mini ƙwallo a ƙasar da wani wasa daban ma suke kira ƙwallon ƙafa. Kuma yaron ba ya cikin sha ɗayan farko. Wannan ne ban so in rubuta ba. Na ji nauyin in zauna ina kallon ɗana a benci.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na je. Ban gaya wa kowa ba, na ce wa Hansatu zan leƙa ofis. Ita tana da aikin asibiti yau, na san ba za ta je ba.

Na hau can sama, na ja hula. Mutane ba su fi ɗari uku ba, yawancinsu iyaye da barguna. Abdussalam na benci da riga mai ruwan ɗorawa a kan rigarsa, lamba ashirin da shida. Duk sanda aka yi hari sai ya miƙe yana ihu, kamar shi ne kocin.

Wata mata a gabana, sai tsalle take tana cewa "Dachung, koma baya!" da Hausa. Bakina ya suɓuce na ce mata sannu. Ta juyo da murna. Sunanta Chundung, 'yar Jos, ɗanta ne mai tsaron baya na dama. Ta ce ba ta taɓa fashin wasa ba, ko da daga aikin dare ta tashi. Ta tambaye ni wa na zo kallo. Na nuna benci.

"Kai ne baban Abdul? Ai na ɗauka kana Najeriya!"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Shi ya fi ciwo.

Saura minti goma sha biyu a tafi hutu aka fitar da Dachung yana ɗingishi, aka sa Abdussalam. Ban san haka yake gudu ba. Taɓawarsa ta farko ta yi nisa, aka ƙwace, ya bi mutumin har kusurwa ya ƙwato. Ƙafar hagunsa ba ta da kirki, wannan na gani nan take. Amma ba ya tsoro. Akwai wani ƙato, ɗan Turai, Chundung ta ce ya girme su da shekara huɗu, sau biyu Abdussalam yana tare shi.

Ta ce ran Laraba ma sun buga, cinyar Dachung a ɗaure take tun watan jiya. "In ba Abdul ba, da ɗana ya karye. Shi ke ba shi hutu." Sai ta rage murya ta ce, "Ka ji abin da suke so su yi ko? In suka hana wanda ya fita komawa, koci ba zai yarda ya cire Dachung ba. Irin su Abdul ba za su ƙara taka ciyawa ba."

Na ce haka ne. Na ce Allah ya kyauta.

Ta tsaya tana kallona. "Muryar nan, na san ta." Na ga lokacin da ta gane. Ta juya ta fuskanci fili. Can ta miƙo mini gyaɗa a leda ba tare da ta waiwayo ba.

An sake sa shi a minti takwas na ƙarshe. Suna gaba da ɗaya. Da mai sanarwa ya fara ƙirga goma, tara, sai na ji ni ma ina ƙirgawa da ƙarfi. Kafin su gama gaisawa na riga na shiga mota.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Hansatu ta sani. Ashe ita da Chundung ƙawaye ne, tare suke zama a filin, shekara uku ke nan. Ba ta taɓa gaya mata ina gari ba.

Ta ce yaron ya gan ni tun kafin a fara. Hular ce, wai babu mai irinta a jihar nan. Bayan wasa bai shiga ɗakin canja kaya ba, ya tsaya a bakin ƙofar fili da takalman ƙwallo a ƙafarsa, har aka watse.

"Me ya kai ka, in gudu za ka yi?"

Ina ta juya tambayar. Har yanzu.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na rubuta gyara, in karanta a shiri. Na yaga. Na sake rubutawa. Matsalar ita ce rabin abin da na faɗa har yanzu ina ganin gaskiya ne. Wasa biyu a mako zalunci ne, na ga cinyar Dachung da idona. A raba lokacin gasar biyu, kaka da bazara, yara su huta su yi karatu, wannan ina nan a kai. Amma ba don tausayin yaran na faɗa ba ranar nan. Don a yi dariya na faɗa.

Na nuna wa Sabo takardar. Ya ce, "Haba Malam Sirajo, wa ya tuna? Mutanenmu gasar Ingila suke jira." Na ji daɗin da ya faɗi haka. Na sa takardar a aljihu. Matsoraci.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na roƙi Sabo ya riƙe mini yau. Ni da Hansatu muka tafi, muka zauna a ƙasa kusa da Chundung. Ta gaishe ni kamar ba a yi komai ba.

Ba a sa shi ba. Ko minti ɗaya. Wasa ya yi zafi, koci bai taɓa 'yan baya ba. Sau uku yana tashi yana ɗumama jiki a gefe, sau uku yana komawa ya zauna. An ci su biyu da ɗaya.

Wannan karon na tsaya. Ya zo bakin shinge, ya ɗan rusuna ya gaishe ni, kayansa fes, ko ƙura babu. Uwarsa ta ja Chundung suka matsa.

Tun a mota na shirya abin da zan ce. Shi ya riga ni. Da Hausarsa mai tuntuɓe, yana tsayawa yana neman kalma, ya ƙi komawa Turanci:

"Baba, abin da ka ce, ba ƙarya ba ne. Mu ma muna maganar. In an gyara, ƙwallon zai fi kyau. Ni ne kawai ba zan zama a ciki ba."

Na ce ba haka ba ne.

Ya ce, "Haka ne. Na san ba zan zama ƙwararre ba, tun shekarar farko na sani. Amma ƙarfe shida kullum ina fili, saboda minti goman nan. Ina son su. Ba motsa jini ba ne."

Bai ɗaga murya ba. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi mini ba.

Shekara ashirin da biyu ina magana a rediyo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ci abinci?"

Ya ce zai ci da abokansa.

Asabar, 4 ga Nuwamba

An fitar da su daga gasar. Kaka ta ƙare. Ya samu minti shida. Hansatu ta ce kocin ya gaya musu bai san yadda baɗi za ta kasance ba, sai an ga abin da aka yanke.

Takardar na aljihun kwat ɗina. Ban karanta ba, ban yaga ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Gwiwata ta kumbura. Hansatu ta ɗora mini ƙanƙara tana ta ƙoƙarin ɓoye dariya.

Yaron yana gida hutu tun Laraba, muna ta wuce juna a falo. Yau da safe na gan shi yana ɗaura takalmi, jakar ƙwallaye a kafaɗa. Ban san ya aka yi ba, na ji kaina ina cewa hagunsa tana buƙatar aiki, yana jingina baya in zai buga. Nan take na yi nadamar magana. Sai ya ce ba shi da mai jefo masa.

Filin bayan makarantar firamare, raɓa ta daskare a ciyawa. Awa ɗaya da rabi ina jefawa yana mayarwa. Sau ɗaya na gwada nuna masa da ƙafata, shi ne gwiwar. Ya ɗago ni yana dariya, ni ma na yi. Ba mu yi maganar komai ba. Wajen ƙarshe hagun ta fara zuwa daidai ƙirjina.

Na tura wa shugaban sashe saƙo a cire ni daga aikin Asabar daga Agustan baɗi. Na ce masa shekaru ne.

Gobe ƙarfe bakwai, in ji shi. Sai na nemo tsohon wandona.