Fanna ta ce jakin dawa ne babanta

Zuwa ga Yaya Abari,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta wajaba a kaina, ina fatan kana lafiya a can Tanzaniya, kai da motar da kake yawo da baƙi cikin daji. Na daina aiko maka saƙo a ɓoye tunda ba ka amsawa. Shi ya sa na rubuta a nan ƙarƙashin bidiyonka, kowa ya karanta.

Bidiyoyinka suna iso mana Gure, mun gode. Yau ko Inna, da ba ta taɓa wuce Zinder ba, ta san cewa kowane jakin dawa da irin zanen jikinsa. Mun san suna bin ruwan sama don neman ciyawa, mun san ba sa ɗaukar kaya kamar jakunanmu. Kai ne ka koya mana cewa namijin yana tafiya a bayan iyalinsa saboda kura.

Kai ne kuma ka ce: "Idan uwa ta haihu, takan kori sauran garke, ta tsaya gaban ɗanta har ya haddace zanenta." Har muryarka tana rawa don tausayi. Ban san sanda na jefar da salular a kan tabarma ba.

Ka bar matarka Falmata da ciki. Fanna ta zo duniya, ta yi rarrafe, ta yi baki, ba ka nan. Kullum kana bayan salula, muryarka ke fita, dabba ke cika fuskar salular.

Ran Juma'a 'yar maƙwabta ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da littafin dabbobi. Fanna ta ga jakin dawa, ta ɗora yatsa, ta ce: "Ga Babana." Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Falmata ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki. Na ɗauko hoton aurenku na nuna wa yarinyar, ta kalle ka, ta miƙo mini, ta koma wa littafin.

Wallahi raina ya ɓaci, Yaya, kuma har yanzu bai huce ba. Kai da ka goye ni daga Kelle ranar da ƙaya ta soke ni, ka san yadda ake riƙon yaro. Fanna tana da idonka, tana da taurin kanka.

Juya salular nan ta ga fuskarka. Daga nan ka nemi hanya.

Allah ya tsare ka, ya kawo ka gida tun tana da sauran sha'awar sanin mai muryar.

Ƙanwarka,
Zuwaira, gwaggon 'yar jakin dawa.