Kwalba Biyu a Gareji

Litinin, 3 ga Maris

Na ɓata kujerar baya. Innalillahi. Shekara goma sha tara ina tuƙa uwar ɗakina, ko ƙwarzane ban taɓa yi wa mota ba, yau ga ni.

Kwalba biyu ne a kan kantar gareji, kamarsu ɗaya. Ta dama man fata, ta hagu ruwan wanke taya. Maigadi ya yi shara jiya ya sauya musu wuri. Na zuba a tsumma na murza a hankali, zagaye-zagaye, yadda na saba. Sai da wari ya doki hancina na gane. Fatar ta yi fari, faɗin tafin hannu biyu, daidai inda jikokinta ke zama.

Ni da nake yi wa mutane wa'azi a fara gwadawa a lungun da ba a gani.

Talata, 4 ga Maris

Na shimfiɗa tawul a wurin. Uwar ɗakina ta tambaya, na ce saboda zafin rana. Ta ce Allah ya yi albarka.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wurin mai gyaran kujeru. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce fatar ta ƙone, sai rini, kuma ko an rina mai ido zai gane. Ya ɗaga kwalbar yana dariya, wai Baba, ai ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, har da hoton taya. Na ce sauri nake.

Ƙarya ce. Ba sauri nake ba, rubutun ne ba na gani. Tun bara. A littafin nan ma dubi yadda nake cin layi biyu da harafi ɗaya.

In na faɗi yadda aka yi kujera ta ɓaci, za a tambayi ido. In aka tambayi ido, makulli ya tafi. Wa zai ɗauki tsohon direba mai hazo a ido?

Asabar, 8 ga Maris

Uwar ɗakina ta yaye tawul. Ta kira maigadi, tun da shi ke share gareji. Yana ta rantsuwa, ni ina tsaye ina goge gilashin da ba datti. Ta ce a bar maganar tukuna. Mutumin nan kullum sai ya ajiye min ruwan alwala.

Lahadi, 9 ga Maris

Matata ta ce na daina cin abinci kamar mai sabon laifi. Ta sani, ita ke karanta min saƙon waya. Cewa ta yi, malam, kujera fata ce ta dabbar da ta riga ta mutu, yaran da ke zama a kai fa? Na daka mata tsawa. Ta kwashe kwanuka.

Laraba, 12 ga Maris



Hanyar makaranta, wajen kwanar gidan mai. Wata mata da yaro a hannu tana tsallaka titi. Wallahi ban gan ta ba. Babbar jikar ce ta yi ihu, Baba tsaya, na taka burki. Ƙaramin ya bugi bayan kujerata, leɓensa ya fashe. Matar ta dube ni kawai ta wuce.

Da muka dawo na sami uwar ɗakina a falo, na ajiye makulli a kan tebur. Na faɗa mata duka, kwalbar, maigadi, idon. Ta dubi makullin, sannan ta dube ni.

“Tun bara, Baba? Kana ɗaukar min su kullum?”

Da ma zagina ta yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na nemi gafarar maigadi. Ya ce ya wuce, amma bai dube ni ba.

Litinin, 24 ga Maris

An ɗauki sabon direba. Ni an bar min wanki da kula da fata, sai abin da likita ya ce, wai yanar ido ce, ana cirewa. Ban sani ba ko za a mayar min da makulli. Ban tambaya ba.

Sabon direban ne ya kai ni asibiti yau. Na zauna a baya. Yana taka burki da ƙarfi, na buɗe baki zan yi masa gyara, na fasa. Kafin mu kai kwanar gidan mai wai barci ya ɗauke ni, har da minshari, in ji shi. Na ce masa ƙarya yake.