Ruwan da ke Sauka a Gidanmu Kaɗai

Zuwa ga ƙanena Zdravko,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Milena da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Kanada ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ce dai take tashi tana kwanciya, in na ce ya huta sai ya ce ni ce tsohuwar, ba shi ba. Makon jiya mun gasa tattasai ni da maƙwabciyarmu Goggo Stanka, mun cika kwalabe da miyar nan tamu ta lutenitsa. Naka na nan a ɗakin ƙasa, ko yaushe za ka zo ka ci, oho.

To, maganar na'urar auna yanayin da ka kafa wa Baba a tsakar gida bayan jana'izar Mama ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya bakina ba zai iya ba. Ka ce min ta lalace, wai kana gani a wayarka ana ruwa a gidanmu alhali hukumar yanayi ta ce ko ɗigo bai sauka a yankin Karlovo ba. Ka ce ka gaji da ƙaryarta, za ka sa a zo a cire ta, hasashen hukuma ya ishe ka. Haba Zdravko, tun kana ƙarami kake da gaggawa. Tsaya ka ji.

Ka san Baba da gardama. Kullum da yamma yana gaban talabijin, matar nan mai karanta hasashe na magana yana ba ta amsa, wai ita da ke zaune a Sofiya me ta sani game da iskar da ke gangaro mana daga dutse. Da safe kuma ya duba allon na'urarsa a kicin ya gwada. Wani lokaci da gaske sukan saɓa, tunda mu muna gindin dutse, ma'aunin hukuma kuwa yana can ƙasa a kwari. Ka tuna watan Afrilu, da suka ce ba sanyi amma taka ta nuna ƙanƙara? Ka kira shi kana tambaya, kuka daɗe kuna hira. Ranar har waƙa na ji yana yi wajen ba kaji hatsi, abin da ban ji ba tun rasuwar Mama. Sai fari ya zo. Hukuma ta ce rana, na'ura ta ce rana, ba abin tambaya, wayar gidan kuwa ta yi tsit.

Talatar da ta wuce na kai masa burodi da safe, sai na tarar da shi a kan tsani, da gwiwar nan tasa, riƙe da butar tagulla ta Mama, yana ɗiga ruwa a mazurarin ma'aunin ruwan sama kamar mai ba jariri magani. Na riƙe tsanin ina masa faɗa. Ko a jikinsa. Ya ce in rage murya kada Stanka ta ji, in ta ji duk ƙauye ya ji. Wai dole a hankali ake zubawa, in ya kwara gaba ɗaya na'urar za ta ce ambaliya, kai kuma ba wawa ba ne. Da ya sauko na ce me ya sa bai ɗauki kofi ba. Ya juya butar a hannunsa, ya ce ai da ita Mama ta watsa maka ruwa a bakin ƙofa ranar da za ka tafi, don hanya ta yi maka sauƙi. Ya ce ita ta zuba na tafiya, shi yana zuba na dawowa, ko da murya ce kawai.

Daga nan ya shiga ya yi aski, ya sa farar rigarsa, ya zauna kusa da waya. Da la'asar ka kira. Ina jin sa yana ba ka labarin wani ɗan gajimare da ya taso daga dutse ya tsaya daidai kan gidanmu. Na fita waje na yi kukana.

Ba laifinka nake gani ba, na san aiki ya sha maka kai. Amma zumunta a ƙafa take, in ƙafa ba ta kai ba, murya ta kai. Don Allah kada ka cire na'urar, kada kuma ka nuna masa na faɗa maka, kunya za ta kashe shi. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ka kira shi ranar da sama take tas, ranar da hukuma da na'ura suka yarda da juna, ranar da ba ka da abin tambaya. Wallahi tsoro nake ji wata safiya in zo in same shi a ƙasan tsanin nan.

Ka gaida Milena, ka shafa min kan Boyan da 'yar auta Ralitsa. Mijina Kolyo da Goggo Stanka suna gaishe ku. Baba ma ya leƙo ya ga ina rubutu, ya ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka ka riƙa duba wayarka, yana ganin kamar hadari na haɗowa.

Taka yayarka mai ƙaunarka,
Nevena